Kafson ganye ko na jelatin? Na gwada kala uku a hunturun Kano, ga abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar haɗa magani a gida, musamman ku masu zuba garin zogale da kurkur da habbatussauda a kafso. Tambaya ta yi yawa a kan kafson nan da ake ce wa na ganye, wanda ake rubuta HPMC a jikin ledarsa, wai shin ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora masa ko kuwa yayi ne kawai irin na 'yan boko. Amsata dai e, ya cancanta, in dai a arewa kuke aiki kuma ba ku da ɗaki mai esi dare da rana, wanda na san yawancinmu ba mu da shi, ina ma wutar take. Amma fa akwai abubuwan da mai sayarwa ba zai gaya muku ba, shi dai burinsa ku tura kuɗi ya sa kaya a mota.

Leda uku na saya, kowacce guda dubu ce a ciki, duk lamba 0, duk garai-garai marasa kala. Ɗaya jelatin ɗin da muka saba, ɗaya HPMC, ɗaya kuma wani da ake kira fululan, a jikin leda Pullulan za ku gani an rubuta. Na haɗa da farantin cikawa na roba mai rami 100. Daga hannun wani dila a Legas na yi oda, sunansa zan bar shi a cikina don akwai ƙorafinsa a gaba. HPMC ɗin ya kusa ninka kuɗin jelatin a wajensa, fululan kuwa ya fi su duka tsada, sai da na ja numfashi kafin na tura.

Ƙanina ne da ya karanta harhaɗa magunguna ya zaunar da ni ya warware min bambancinsu, don ni da duk kafso kafso ne a wajena. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake dafo shi, saniya ko alade ko kifi, kuma tsohon abu ne, tun 1834 aka yi wa kafson jelatin rajista a Faransa, mai gida biyun nan da muke haɗa marfi da gindi kuma ya biyo baya bayan shekara goma sha wani abu. Sauran biyun kuwa daga dangin abin da suke kira folisakarayid ne, wato ƙwayoyin sukari da aka jera a dogon zare kamar carbi, danginsu ɗaya da sitaci da auduga da ƙaron da muke sawa a tawada. HPMC daga katako ake samo shi, a ɗauki selulos, wato zaren da ke cikin icce, a sarrafa shi da sinadarai har ya zama gari mai narkewa a ruwa, shi ya sa in mai talla ya ce muku wai tsantsar ganye ne ba a taɓa shi da komai ba ku yi murmushi kawai, tushensa icce ne gaskiya amma ya bi ta masana'anta sosai. Fululan kuma wata irin funfuna ce ake ba ta sitaci, yawanci na rogo ko masara, ita kuma ta fitar da shi, kamfanin Hayashibara na Japan ne ya fara yin sa na kasuwa a 1976. Yadda ake ƙera ɓawon duk kusan ɗaya ne, sandunan ƙarfe ne a jere ake tsomawa a cikin ruwan haɗin mai kauri a ciro a juya su ya bushe a jiki, sai a zare a datse a haɗa marfi da gindi. Matsalar ita ce jelatin da kansa yake daskarewa in ya huce, su waɗannan ba sa yi, sai an ɗan sa musu abin kama jiki kamar karajinan na ciyawar teku ko wani danƙo da ake kira jelan (ba jelatin ba), ko kuma a zafafa sandunan don shi HPMC da zafi yake kamawa. A nan ne ƙarfin ɓawon yake fitowa, kuma a nan ne kamfani mai kyau yake bambanta da na jeka-na-yi-ka.

To mu zo kan hunturu, don nan ne maganar take. Duk wadda ta taɓa cika kafson jelatin a watan Janairu ta san abin da nake nufi, kina danna marfi ki ji ƙas, ba ƙas ɗin kullewa ba, ƙas ɗin tsagewa, ki ɗaga ki ga kan marfin ya dare gari yana zubowa, wani ma a cikin leda za ki tarar ya farfashe tun kafin ki taɓa shi. Dalili kuwa shi ne ɓawon jelatin ruwa ne ke riƙe da laushinsa, kashi 13 zuwa 16 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma kamfanoni da kansu suna rubutawa cewa a ajiye shi inda laimar iska take tsakanin kashi 35 zuwa 65, zafi kuma daga digiri 15 zuwa 25. Don Allah ku gaya min a wane wata ne Kano ko Sakkwato ko Maraɗi suke cika wannan sharaɗi? A tsakiyar hunturu laimar iskarmu ƙasa da kashi 20 take saukowa, leɓen mutum ma tsagewa yake balle ɓawon kafso, iskar sai ta zuƙe ruwan jikinsa tas ya zama garas-garas. Shi HPMC ruwan jikinsa dama kaɗan ne, wajen kashi 4 zuwa 6, kuma laushinsa bai dogara da ruwan ba, ko ya bushe yana lanƙwasuwa.

Na zuba kowanne a faranti na bar su a buɗe a kan tebur, taga a buɗe, suka kwana a iskar nan. Da safe na riƙa ɗauka ina matsawa tsakanin babban yatsa da manuniya. Na jelatin da na matsa sai ya fashe ɓalli-ɓalli, har wani guntu ya tsalle ya shige min ƙarƙashin farce. HPMC na matse shi har gefe da gefe suka haɗu, na saki ya dawo, ɗan farin layi kawai ya bari a inda ya lanƙwashe. Fululan ne ya ba ni mamaki, da tsadarsa da kyansa na zaci shi zai yi zarra, ashe shi ma ruwan jikinsa yana da ɗan yawa, ya kusa na jelatin, ya jure fiye da jelatin kaɗan amma da na ƙara ƙarfi shi ma ya tsage daga baki. Wallahi a ido ya fi su duka kyau, sheƙi yake, in kika zuba kurkur a ciki launin yana fitowa raɗau har kwastoma ta tsaya kallo, HPMC kuma yana da ɗan dishi-dishi ba ya sheƙi sosai. Amma kyau ba ya hana asara. Inda fululan ya yi fice shi ne iskar oksijin ba ta ratsa shi da sauƙi, HPMC kuwa tana ratsa shi sosai, don haka garin da ke saurin canja wari ko kala in ya sha iska ya fi zama lafiya a fululan, in kuma HPMC za ku sa to sai robar da kuke zubawa ta zama mai marfi mai kama gam da takardar like a baki.

Wani abu kuma da ban taɓa lura da shi ba sai da ƙanina ya nuna min, ba iska kaɗai ke shanye ruwan jelatin ba har garin da kika zuba a ciki. Garin tafarnuwa da duk wani gari da aka yi daga tataccen ruwan magani da aka busar, masu saurin dunƙulewa ɗin nan, jan ruwa suke daga ɓawon, ɓawo ya bushe ya tsage shi kuma gari ya cure ya zama dunƙule a ciki, an yi asara biyu kenan. A HPMC na ga garin tafarnuwata ya zauna warwas in na girgiza ina jin motsinsa.

Bazara da damina kuma akasin haka ne, jelatin laushi yake ya yi danƙo ya manne da juna, duk wanda ya taɓa barin kaya a bayan mota da rana a watan Afrilu ya buɗe ya ga sun zama curi guda ya san zancen. Abin da ya fi wannan muni ma ba a gani da ido, in jelatin ya daɗe a zafi da laima zarensa na iya sarƙewa da juna har ya riƙa jinkirin narkewa a ciki, kin sayar da magani mutum ya sha amma bai buɗe a kan lokaci ba. HPMC ba ya wannan sarƙewar. Ragowar ledata ta HPMC ta shiga zafi ta shiga damina a cikin bokiti mai marfi, na buɗe ba wanda ya manne da ɗan uwansa, amma fa kar ku ce na ce ba ya jin ruwa, hannu mai gumi in ya taɓa shi nan take yake yin tabo, ku sa safar hannu.

Yanzu ƙorafina. Ledojin nan uku da suka iso ba sunan kamfani a jiki, ba lambar rukuni, wato lambar da kamfani ke ba kowane zubin kaya, ba ranar da aka yi ba ranar lalacewa, wata 'yar farar takarda ce kawai aka manna aka rubuta sunan kowanne. Na kira dilan na ce Alhaji ina takardar gwajin kaya da satifiket ɗin halal da ka ce akwai, ya ce Hajiya ki kwantar da hankalinki zan turo ta WhatsApp, yau ne gobe ne, daga ƙarshe ya turo hoton wata takarda da ta dushe ko sunan kamfanin ba ya karantuwa. A babban kwali suke sayowa su ƙulla a ƙananan leda, na gane wannan, amma ai kwalin da takardunsa yake zuwa, mene ne wahalar ɗaukar hoto mai kyau? Manyan masu yin abin nan sanannu ne, akwai Capsugel masu Vcaps na HPMC da Plantcaps na fululan, akwai Qualicaps, akwai ACG na Indiya, duk wanda yake sayar da kayan kirki ba ya jin kunyar faɗin inda ya samo. Kuma ba tsoro ne na banza ba, a 2012 an yi babban abin kunya a Sin, a gundumar Xinchang ta lardin Zhejiang, inda aka kama masana'antu suna yin kafso da jelatin ɗin da aka dafo daga ragowar fatar jima, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam fiye da ƙa'ida. Mu da muke da majema a Sharaɗa da Challawa ai ba sai an yi mana bayanin abin da ake jiƙa fata da shi ba.

Tunda takarda ta gagara sai na gwada da kaina, kuma gwajin kowa zai iya yi a kicin. Ki ɗebo ruwan randa mai sanyi a kofin gilashi biyu ki jefa jelatin a ɗaya, HPMC a ɗaya. Na jelatin kumbura kawai zai yi ya yi lagwaf ya ƙi narkewa, don shi sai ruwa ya yi ɗumi ya haura digiri 30 yake sakin jiki, HPMC kuwa a ruwan sanyin ma a hankali za ki ga ya yi fari-fari ya ɓule ya narke. Na biyu ki kama ɗaya da almakashi ki kai shi bakin wuta, jelatin ƙaurin babbaka yake yi sak don dama fata da ƙashi ne, na ganye kuwa warin ƙonanniyar takarda za ki ji. Alhamdu lillahi nawa duka sun ci jarrabawa, abin da aka rubuta shi ne a ciki, amma wannan gwajin jinsin kawai yake nunawa, ba ya nuna tsabta ko datti, don haka takarda dai tana nan a matsayinta.

Maganar halal kuwa ita ce rabin abin da ke sa kwastomomina tambaya. Malamai sun yi saɓani a kai, a wani taro da aka yi a Kuwait a 1995 na malamai da likitoci an tafi a kan cewa jelatin ya riga ya rikiɗa daga asalinsa don haka ya halatta, wasu malaman kuma ba su gamsu cewa rikiɗar ta cika ba, suka ce in na alade ne ko na mushe a guje shi matuƙar akwai madadi. Ni ba malama ba ce ba zan yanke hukunci ba, amma a matsayina na 'yar kasuwa na ga sauƙin da na samu, da in tsaya ina yi wa Hajiya dogon bayanin saniyar Indiya ce ko ta Barazil kuma wa ya yanka ta, yanzu kalma ɗaya ce, na icce ne, shi kenan ta miƙo kuɗi. Sai dai kar wannan ya sa wani ya ajiye maganin asibiti da likita ya rubuta masa wai don kafsonsa jelatin ne, wannan wata magana ce daban, a tambayi malami a tambayi likita.

Farantin cikawa ba laifi, ba kuma yabo can. Robar tana da kauri, ramukan sun yi daidai da lamba 0, sifirin ɗinsa ne mai laushi, in kin danna gefe ɗaya ya fi sauka sai layin ƙarshe ya ƙi kullewa sai kin bi su da hannu ɗaya-ɗaya. HPMC ya fi jelatin santsi wajen rabuwa, marfin na fita ba gardama, kuma bai cika manne wa yatsa da roba ba irin yadda jelatin ke yi a hunturu in ya ɗauki wutar nan da ke sa mayafi tartsatsi. Amma wajen kullewa sai kin ɗan ƙara nauyin hannu har ki ji ya shige, in ba haka ba a cikin roba za su buɗe. Ku lura kuma farantin lamba 0 ba ya ɗaukar 00, kar wani ya ce muku duk ɗaya ne.

Tunda na ambaci lamba bari in faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Lamba 0 cikinsa mililita 0.68 ne, 00 wajen 0.95, lamba 1 kuma rabin mililita. Awon wuri ne wannan ba na nauyi ba, gari mai nauyi zai iya kai miligiram 500 a lamba 0, gari mara nauyi irin zogalen da aka tankaɗe da kyau da kyar ya wuce 400 ko kin danna. Amma ku duba robobin da ke yawo a kasuwa, kowa 500 yake bugawa a takarda don haka ya gani a na wasu. Ku sayi ɗan ƙaramin sikelin nan na masu gwal, ku auna cikakku guda 20 ku cire nauyin fanko guda 20 ku raba gida 20, abin da ya fito shi za ku rubuta. Ranar da za ku kai kayanku NAFDAC neman lamba ma wannan zai taimake ku.

Man habbatussauda kuma kar ku zuba a ko wanne daga cikinsu da wannan farantin, ta tsakanin marfi da gindi yake tsatsowa ya ɓata roba gaba ɗaya, kamfanoni like wajen suke da wani zobe na musamman ko su yi amfani da kafso mai laushi wanda injinsa daban ne. Zuma ma haka, da duk abin da ke da ruwa a jiki, cinye ɓawon yake daga ciki.

Na tambayi ƙanina to wai ina kafson da ake cewa ba ya buɗewa a tumbi sai ya wuce hanji, don wata mai sayar da garin tafarnuwa ta dame ni kwastomominta na kukan gyatsa. Ya ce akwai, irin DRcaps, HPMC ne da aka haɗa da jelan, kamfanin ya ce yana jinkirta buɗewa da kusan minti 45 a ruwan tsamin ciki. Daga nan fa ya ɓalle da labari, wai a ɗakunan bincike abin ya wuce wannan ɓawon da muke gani, suna ɗaukar aljinet na ciyawar teku, wanda ke cikin Gaviscon ɗin da muke sha don ƙwannafi, su ɗiga shi a ruwan kalsiyam nan take ya dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye da magani a ciki, su sake lulluɓe su da kitosan na ɓawon jatan lande don su yi ƙarfi kar su fashe a hanya, wai tun 1980 wasu masana biyu Lim da Sun suka rufe ƙwayoyin halitta masu yin insulin a ƙwallayen aljinet suka sa wa ɓeraye masu ciwon suga. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙaro, namu na dakwara da ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa, wanda Sudan da Chadi da Najeriya ke kan gaba wajen fitar da shi, har tashar bincikensa akwai a Gashuwa. Ba a yin ɓawon kafso irin nawa da shi, amma da shi ake lulluɓe ɗigon mai da ƙamshi a mayar da su gari, da shi ake ɗaure wasu ƙwayoyin magani, mu kuma a buhu muke loda shi ɗanye a tafi da shi, ni kuma ga ni ina rigima da dila a kan hoton satifiket.

Wajen haɗiya ba wanda ya kawo min ƙara, ba wari ba ɗanɗano, wata tsohuwa ce kawai ta ce yana tsaya mata a wuya, na ce Inna kar ki ɗaga kai sama, kafso ba shi da nauyi a saman ruwa yake tasowa, ki guntsi ruwa ki ɗan sunkuyar da kai sannan ki haɗiye, ta dawo ta ce ya wuce sumul. Ku dai gaya wa mutane su sha da ruwa cikakken kofi.

Ajiya kuma ba firiji, in kin fito da shi daga sanyi raɓa yake yi ya lalace. Bokiti mai marfi a ɗakin da rana ba ta bugu, a ɗebi na aikin ranar a mayar da bakin leda a ɗaure. 'Yar ƙunshin nan mai shan laima da ake sakawa a roba tana da amfani da HPMC a damina, amma kar ku jefa ta cikin jelatin ko fululan, ƙara busar da su za ta yi.

Ragowar fululan ɗin na ware shi sai damina in zuba kurkur na masu son kwalliya, odar gaba kuwa HPMC ne zalla, lamba 0 da lamba 1 saboda tsofaffi, kuma na gaya wa sabon dilan da aka haɗa ni da shi cewa sai na ga hoton kwalin da lambar rukuni da takardar gwaji kafin sisina ya fita. Ya ce zai turo ranar Litinin. In akwai wadda ke da mai kawowa Kano ko Kaduna kai tsaye da takardunsa a hannu don Allah ta taimaka mana da bayani, kuɗin mota daga Legas ya fara fin ƙarfin ribar.